Fijon Baba a Hawan Tsinga

Mutanen lungunmu a Briketeri ba su cika kwatanta gidanmu da sunan mahaifinmu ba. Abin da sukan ce wa baƙo shi ne ya miƙe har ya ga rumfar kwanon da farar Fijo take ciki, ƙofar da ke dab da ita nan ne gidan. Peugeot 504 ce, haɗin Kaduna, daga masana'antar Kakuri da aka buɗe a 1975. Baba, Allah Ya jiƙansa, ya saye ta hannu na biyu a Garwa a 1986, ya tuƙo ta da kansa, ya haura tsaunin Ngaundare, ya biyo ta Meiganga da Bertuwa a zamanin da mafi yawan hanyar jar ƙasa ce. Ya iso Yawunde bayan kwana uku, shi da motar launinsu ɗaya.

Tun daga ranar ba ta zama tamu mu kaɗai ba. Ta kai mata masu naƙuda asibiti da tsakar dare, ta ɗauko ragunan layya, ta raka alhazai filin jirgi, kuma a kujerarta ta baya aka kai 'yan'uwanmu mata biyar ɗakunan mazajensu, ban da 'ya'yan maƙwabta da ba mu iya ƙirgawa. Baba yakan faɗa da alfahari cewa irinta ce ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, kamar shi ne ya tuƙa. A cikinta kuma muka kai shi asibiti tafiyarsa ta ƙarshe, a 2021.

Bayan rasuwarsa ta zauna a rumfa shekara biyu, wato damina huɗu ta Yawunde, ba wanda ya murza mata makulli. An raba gado lafiya, gida da shago duk an daidaita, motar ce kaɗai ta rage ba a yanke mata hukunci ba. Yaya, babbanmu, yana ganin a sayar wa masu farke tsofaffin motoci a raba kuɗin, kuma ba za mu ce bai da hujja ba: inshora da takardun shekara kuɗi ne, magada kuwa goma ne, a cikinsu akwai mai neman jari. Muna cikin wannan jan ƙafa aka sa ranar auren Auta, za a kai ta Obala. Hajiya ta tara mu, mu huɗu maza, ta yi magana ɗaya: "Yayyenta biyar a cikinta aka kai su. Maraicin uba ya ishe ta, kada ku ƙara mata da na mota."

Aka yi sulhu a kan cewa idan motar ta tashi ta kai amarya, sai a sake zama bayan biki. Idan ta ƙi, a sayar, kada kowa ya sake tayar da zancen. Saura mako shida.

Farkon aikin ya yaudare mu da sauƙinsa. Muka sayi batir, muka tsiyaye tsohon man da ya yi tsami a tanki, muka canza baƙin mai, muka ba tayoyi iska. A murzawa ta uku ta kama, da wannan gurnani nata da duk yaron lungun ya sani, har Hajiya ta leƙo daga zaure ta koma ciki da sauri ba ta ce komai ba. Muka wuce gidan mai muka cika tanki fal, don kada a ce rowa ta hana mu gwaji. Muka zaga ta Warda, muka ratsa tsakiyar gari, muka juyo muka kama hawan Tsinga. Kusan minti ashirin da fitowarmu ke nan, a tsakiyar hawan, ta fara shaƙewa. A taka totur ta fizga, ta saki, ta sake fizga kamar mai sarƙewa da ruwa, sai ta yi shiru.

Allurar da ke nuna yawan mai ta mutu tun Baba yana da rai, saboda haka a gidanmu akwai al'ada: in mota ta tsaya, sai a buɗe murfin tanki, a girgiza ta, a kasa kunne a ji motsin mai. Yaya ya fita ya yi hakan, ya ce mai yana nan. Muka ɗaga bonet muka tsaya muna kallon injin kamar zai yi mana bayani, 'yan tasi suna ta danna mana oda. Bayan minti goma muka murza, ta tashi kamar ba ita ba, ta ƙarasa hawan ba gardama. Kashegari ta maimaita, jibi ma haka. Kullum sai ta yi zafi, kullum a kan tudu, kuma wanda ya san Yawunde ya san babu inda za ka nufa ba ka hau tudu ba.

Daga nan shawara ta fara zubowa. A Briketeri in dare ya yi, aka zauna gaban mai tsire, kowa bakanike ne. Wannan ya ce buji, wancan ya ce bobin, wani ya rantse delko ne. Wani baƙon Kawu da ya zo daga Kano ya ce shi bai gane yarenmu ba, a wurinsu filogi ake cewa da kwayil da kafireto, kuma a ganinsa kafireton ne. Haka cikin motar nan yake a bakinmu, rabi daga Faransanci, rabi daga Hausar Najeriya, ƙarfe ɗaya suna biyu, har mukan yi musu mai zafi a kan abu guda ba mu sani ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu kuwa ta ce mu daina wahalar da kanmu, motar takaba take yi. Mun yi dariya a lokacin. Bayan mako biyu dariyar ta ragu.

Muka kai ta wurin wani matashin bakanike da ya yi suna a gyaran Toyotar 'yan tasi. Ba za mu ci naman yaron ba, ya iya aikinsa, amma aikinsa na motocin da ake jona wa na'ura su faɗi ciwonsu ne, ita kuwa Fijon Baba ba ta da ko ramin da za a jona. Da ya ji cewa sai ta yi zafi take mutuwa, in ta huce ta tashi, ya ce bobin ne, kuma kowa ya yarda, domin haka bobin mai rauni yake yi. Aka canza. Ta mutu a hawan Tsinga. Aka canza buji huɗu. Ta mutu. Aka ce famfon mai ne, aka aika har Camp Yabassi a Duwala aka kawo sabo, aka sa sabuwar matatar mai, aka kwance kafireto aka wanke, aka murɗa 'yan sukurorinta hagu da dama, aka ɗan juya delko. Da muka yi lissafi mun kashe sama da sefa dubu 90, motar tana mutuwa inda ta saba mutuwa, ga baƙin hayaƙi da ba ta da shi a da, ga wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in an taka ta. Garin neman gira mun kusa rasa ido.

Daren da Yaya ya ajiye takardar lissafin a kan tabarma ba mu rabu da daɗi ba. An faɗi maganganun da ba na mota ba ne, irin waɗanda suke kwance tun ranar rabon gado suna jiran ƙofa: wa ya yi jinyar Baba, wa yake Duwala sai waya, wa ya fi cin moriyar shago. Hajiya tana ɗaki tana ji. Saura kwana goma sha tara.

Kawu ne ya tambaye mu da safe ko mun je wurin tsohon da yake duba wa Baba motar shekara da shekaru. Muka yi shiru, don kunya. Tun ranar addu'ar bakwai ba wanda ya je gaishe shi a cikinmu. Ya daɗe da barin gareji, idonsa ya yi rauni, yaran da ya koya wa aiki wasu sun koma tuƙin babur, wasu sun bar garin. Bayan la'asar muka same shi inda ya saba zama kusa da babban masallaci, muka durƙusa muka gaishe shi, muka ajiye goro. Bai yi mana gori ba. Ya tambayi Hajiya, ya yi wa Baba addu'a, sannan ya ce, "To, 'ya'yana, me ya sami tsohuwar?"

Muka fara jero masa abin da aka canza. Ya ɗaga hannu. "Ban tambaye ku maganin da kuka ba ta ba. Ciwon nake tambaya."

Tambayoyin da ya yi mana sun kusa cinye lokacin har magariba, kuma babu ɗaya a ciki da wani ya taɓa yi mana. Da safe tana tashi da wuri? In tana tsaye a rumfa tana aiki, takan mutu? Mutuwar farat ɗaya ce kamar an kashe makulli, ko sai ta yi ta shure-shure? Muka ce shure-shure. Ya ce wuta in ta ɗauke ba ta cika yin sallama ba, mai ne yake ja da baya a hankali, amma kada mu riƙe wannan tukuna. Ya tambayi yawan man da ke tanki duk ranar da ta mutu, muka ce ai kullum a cike muke fita da ita. Ya ce mu faɗa masa duk abin da muke yi daga tsayawarta zuwa tashinta, kada mu tsallake komai, ko da tofar da yawu ne. Muka faɗa, har da buɗe murfi da girgizawa. Ya ɗan yi murmushi, bai ce komai ba, sai ya ce mu zo mu ɗauke shi gobe da hantsi, kuma mu zo da tsohon bobin in ba mu yar ba.

A rumfa, kafin mu fita, ya sa aka kwance buji huɗun aka jera masa a tafin hannu bisa tsarinsu. Ya kai su dab da idonsa, ya shafa, ya shinshina. Ya ce buji wasiƙa ce daga cikin inji: in bakinta ya yi baƙi da busasshen toka, mai ya yi yawa, in ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, in ya jiƙe da baƙin mai, ringi ko bawul sun gaji, lafiyayye kuwa launin shayi da madara yake yi. Namu huɗun baƙi ƙirin suke, busassu. "Wannan ba ciwonta ba ne," in ji shi, "wannan aikin hannunku ne." Ya ce inji abu huɗu yake nema, mai da iska da wuta da matsi, kuma wutar ta zo a kan lokacinta. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya zai kama ɓarawon. Amma sharaɗin shi ne a bincika a lokacin da motar take cikin ciwon. Mu kuwa kullum sai ta warke muke kai ta gareji, a duba lafiyayyar mota a canza mata kaya.

Ya zauna a gaba, inda ya saba zama kusa da Baba, ya ce a bi hanyar da aka saba. A hawan Tsinga ta fara shure-shurenta, ta mutu. Yaya ya buɗe ƙofa zai nufi tanki. Tsohon ya ce, "Alhaji ƙarami, dawo. Yau kada wanda ya taɓa bayan motar nan."

Ya sa ƙaraminmu ya zare babbar wayar da ta fito daga bobin, ya riƙe ta da tsumma kusa da jikin inji, aka murza makulli. Wuta ta yi tsalle, shuɗiya, tana ƙara ƙyas-ƙyas. Ya ce wuta ta fita daga zargi. Aka cire tukunyar iska daga kan kafireto, ya ce a leƙa maƙogwaronta a ja totur da hannu, a gaya masa ko an ga mai ya tsarto. Aka ja sau uku, ko ɗigo. Kafireto a bushe take, ga tanki a cike, ga famfo sabo, ga matata sabuwa. Muka jira minti goma da muka saba jira, har sha biyar, aka murza. Ta ƙi tashi. Karo na farko ke nan da hucewa ba ta yi mata magani ba.

Sai ya fito, ya dafa motar ya zagaya baya, ya ce mu yi tsit, ya kara kunnensa, ya murɗe murfin tankin a hankali. Muka ji tankin ya ja iska, dogon numfashi, fuuu, har ƙarfensa ya yi 'yar ƙara yana komawa daidai. Yaya ya ce ai kullum yana jin wannan, ya ɗauka haka kowane tanki yake yi. Aka murza, famfo ya jawo mai, ta tashi.

Bayanin da ya yi mana a bakin hanyar nan bai fi na mai shayi ba. Ya ce ku dubi gwangwanin madara: in an huda shi wuri ɗaya, madarar takan ɗan zubo ta tsaya, sai an huda na biyu iska ta shiga sannan ta zuba. Tanki ma haka yake. Duk man da famfo ya zuƙa, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, kuma akwai 'yar siririyar hanya da aka yi don haka. In ta toshe, famfo zai yi ta ja har ya kai inda ƙarfinsa ya ƙare. A kan tudu abin yake fara bayyana domin a nan inji ya fi shan mai. Cika tankin da muke yi don kariya shi yake gaggauta mutuwar, saboda iskar da ta rage a sama kaɗan ce, nan da nan take ƙarewa. Buɗe murfin da Yaya yake yi don jin motsin mai kuwa shi ne maganin da muke ba ta kullum ba mu sani ba, muna yaba wa hucewar bobin.

Don ya tabbatar, ya sa aka bar murfin a sassauce, muka wuce Tsinga, muka haura har saman dutsen Febe muka sauko, ba ta yi ko tari ba. A gida ya sa ƙaraminmu ya kwanta a ƙarƙashinta, yana kwatanta masa da baki inda zai lalubo siririn bututun, don shi idonsa ba ya kaiwa. Aka zaro shi, aka zura waya. Abin da ya zubo a kan jaridar da muka shimfiɗa busasshiyar jar laka ce, da ɓawon wata 'yar tsutsa. Zanzaro ne ya sami mota a ajiye shekara biyu, ya ga rami daidai shi, ya yi gini.

Ba mu san ko dariya za mu yi ko kuka ba. Sefa dubu 90, da daren da muka faɗa wa juna abin da ba ya goguwa, duk a kan lakar da ba ta cika cokalin shayi ba.

Sauran kwana biyun ya ɓata su ne wajen warware gyaran da muka yi. Ya mayar da tsohon bobin na Baba, ya ce ya fi sabon nagarta, a ajiye sabon don ranar tsiya. Ya buɗe delko ya daidaita tazarar filatin a kan milimita 0.40, da wani ma'auni da ya ciro daga aljihun rigarsa, wanda ya ce ya girmi Yaya. Ya mayar da lokacin wuta inda yake, ƙarar tsakuwar nan ta ɓace. Sukurorin kafireto kuwa da kunne ya daidaita su, idonsa a rufe, yana murɗawa kaɗan-kaɗan har gurnanin ya zauna, ya ɗora kofin ruwa a kan bonet ya ce mu duba ko yana rawa. Yana aiki yana ambaton tsarin tashin wutar silinda, 1, 3, 4, 2, kamar mai bitar hadda, ƙaraminmu yana rubutawa a bayan takardar lissafin Yaya, don ita ce takardar da ke kusa. Matashin bakaniken nan ma da labari ya kai masa ya zo ya tsaya a gefe yana kallo, a rana ta biyu shi ne mai miƙa sifana. Da muka kawo kuɗi tsohon ya ƙi karɓa, ya ce tsakaninsa da Alhaji babu wannan. Da ƙyar Hajiya ta sa ya karɓi shadda.

Ranar kai amarya Yaya ne ya ce shi zai tuƙa, ba wanda ya yi masa musu. Auta tana baya tsakanin gwaggonni biyu, a lulluɓe, tana kukan da amare suke yi, wataƙila da wani a kansa. Muka bi ta Etudi da Emana, muka wuce filin wasa na Olembe, sauranmu muna biye a motar haya, idonmu a kan salansar Fijo, duk tudun da ta tunkara sai hira ta tsaya a motarmu. Kilomita arba'in da 'yan kai ne zuwa Obala. Ta shiga garin ana kiran la'asar.

Zaman da aka ce za a yi bayan biki har yau ba a yi shi ba. Mai neman jari a cikinmu yana nan yana nema, kuma ya tuna mana sau biyu, da gaskiyarsa. Kafin a yanke, mun ɗaure bakin bututun da ɗan ƙyallen gidan sauro, kuma duk Juma'a ɗayanmu yakan tayar da ita ya je ya ɗauko tsohon, a zaga da shi ta Tsinga kafin a sauke shi a masallaci. Makon jiya ya ce yana jin bawul ɗaya yana magana, mu nemo masa sifana mai lamba 13 kafin ya zo.